Ɗakin Jima

Da aka zo gina sabuwar makaranta a wani ƙauye gabas da Daura, filin da ido ya faɗa kansa shi ne majemar Dabo, can bakin kududdufi, inda ubansa da kakansa suka ƙare rayuwa suna jeme fata. Dabo ya ce atafau ba zai bayar ba.

Sai Fadila, injiniyar da ke zana ginin, ta zo ta tsuguna gabansa, ko hanci ba ta toshe ba.

"Baba, ba korarka za mu yi ba. Makarantar nan da hannu za a koya, ba allo da alli kaɗai ba. Ɗaki guda naka ne, kai za ka koyar. Faɗa mini yadda kake son shi."

Dabo bai da magaji a sana'a, abin da ke cin ransa ke nan. Ya faɗa, ta zana. Aka cike ramukan jimar kakansa da ƙasa yana tsaye yana kallo. Aka tayar da ɗaki a ƙarshen fili, inda iska ke kwashe wari zuwa daji, da manyan tagogi, da kwamin siminti na toka da na bagaruwa, da magudanar ruwa. Ko a mafarki bai taɓa ganin majema irin wannan ba.

Abin da ba wanda ya yi shi ne tambayar iyayen yara.

Ranar taron iyaye, Alhaji Kalilu mai awon hatsi ya miƙe.

"Malam Dabo, da girmanka. Amma ni boko na kawo ɗana. Ɗakin kafinta, to. Ɗakin lantarki, madalla. Jima kuwa? Gobe ya je neman aure a ce masa me?"

Aka yi dariya. Dabo ya waiga yana neman ɗansa Suhaibu, mai sayar da kayan babur a Mai'adua, ko shi zai sa jikansa Hafizu, ɗan Suhaibun, a fara da shi. Suhaibu ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni har yau in na zauna cikin mutane sai wani ya ce, 'Wa ya shigo da akuya?' Hafizu ba zai sha wannan ba."

Zangon karatu guda cur Dabo yana zuwa da hantsi ya share ɗaki, ya jiƙa fatu, ya zauna. Yara na wucewa da gudu, suna toshe hanci tun kafin su iso.

Ƙarshen zango hedimasta ya zo, yana sosa ƙeya.

"Baba, na sama sun ce ɗakin da ba ɗalibi a mayar da shi sito. Kuma ba a sana'ar kai a ginin gwamnati."

"To, ni ina zan jeme?"

Hedimasta ya dubi siminti, ya dubi katanga. Hannu kawai ya miƙo. Dabo ya kwance makullin ɗakin daga wuyansa ya ba shi.