Shekara Tara Ba Rana

Manajan otal ɗin ne ya cuci yarinyar nan, kuma Goggo ta faɗa masa haka a gaban ma'aikatansa tun bai ajiye jakarsa ba.

Shekara tara 'yarta na guga a ɗakin wankin otal ɗin, can ƙarƙashin ƙasa. Ta shiga gari bai waye ba, ta fito rana ta faɗi. Taga ɗaya ce tak a ɗakin, ita ma manajan ya sa aka toshe ta da bulo, wai ƙura na ɓata zannuwan gado.

A lokacin har taƙama Goggo take yi. Duk wadda ta ce yarinyar ta yi haske, sai ta ce ai aikin inuwa take. Ko ranar hutu ba ta barinta ta fita shanya, kar ta yi baƙi.

Sai ga ƙullutu a gaban wuyan yarinyar. Likita ya ce cutar kansa ce, wato ciwon daji, ta kama wata 'yar tsoka da ake kira tayirod. Ya ce kuma jininta ya yi ƙarancin bitamin D, wanda jiki ke samu daga hasken rana. Ya ce wasu masu bincike na ganin da alaƙa tsakanin ƙarancin da cutar, amma ba a tabbatar ba. Goggo ta ce ya rubuta mata a takarda cewa ɗakin wankin ne ya jawo cutar. Ya ce ba ya sa hannu a kan abin da ba shi da tabbas. Gobe za a yi wa yarinyar aiki a wuya, kuma an ce muryarta na iya dishewa har abada.

Manajan ya yi ƙasa da murya. "Mama, ki yi haƙuri. Daga sama tsarin yake zuwa, ni ma ɗan aike ne."

"Ni ba uwarka ba ce. Da ni na haife ka, da ka ji kunya."

Ya ce za su aika da lemo asibiti. Goggo ba ta ko kalle shi ba. Ta ja ƙafa ta zauna a bakin matakalar da ke gangarawa ɗakin wankin, ta tare hanya. Mata uku masu guga suka tsaya cirko-cirko da zannuwa a hannu.

"Likita ba shi da tabbas, kai kuma ɗan aike ne. Nawa laifin na sani, na ɗauka. To a kira mini mai sauran laifin, ya sauko ya amsa. Ba inda za ni."