Zaren Maris a Hannun Boyana

Ranar ɗaya ga Maris na tashi 'yata Boyana da wuri, na ɗaura mata zaren ja da fari a wuyan hannu, na zuba sauran goma sha huɗu a aljihun jakarta. Al'adar ƙasarmu ce a wannan rana a ba juna irin wannan zare don fatan lafiya. Kwana uku muka yi muna murza su a teburin kicin. Ban da ita, yara goma sha biyu ne a gidan rainon 'ya'yan ma'aikatan filin jirgi, sai malamai biyu, kuma ta haddace na kowa. Mai dutsen ado shuɗi na Mitko ne, don shi ke ba ta rabin tuffarsa.

Da tsakar rana na leƙa gidan rainon in gan ta. Na tarar an janye kujerarta daga babban tebur, an kai kusa da inda ake ajiye takalma. Hannuwan sauran yara cike da zare har gwiwa. Nata ɗaya tak, wanda na ɗaura. Na buɗe jakar, goma sha huɗun suna nan.

"Mama, sun ce ba sa so," in ji ta. "Wai Babana ne ya kashe jirgi."

Shekara shida ina aiki a teburin auna kayan fasinjoji a filin jirgin. Lokacin da na fara, jirgi tara ke tashi a rana. Yanzu uku ne a mako. Tun da sabuwar hanyar motar da ake ginawa ta kai rabi, awa biyu ke kai mutum babban birni, can kuma tikiti ya fi sauƙi. Mijina Kamen lodin akwatuna yake yi, aka mayar da aikinsa kwana biyu a mako, sai ya ajiye ya koma tuƙa katafila a wajen masu hanyar. Ta gilashin zauren fasinjoji ana hango shi yana ture ƙasa. Tun daga nan gaisuwata ta daina samun amsa. Aka sa mini suna matar kwalta, aka fitar da kofina daga kabad ɗin ma'aikata. Duk wannan na shanye. Amma ban haifi yarinya don a zaunar da ita da takalma ba.

Malama Veneta, mai kula da su, ta kau da kai. "Iyayensu ne suka hana su, Ralitsa. Je ki tambayi Stoyanka."

Stoyanka ce ke riƙe da wurin sayar da abinci, kuma ita ce kakar Mitko. Na riƙe hannun Boyana muka tafi. Kujeru arba'in ne a wurin, ba kowa a kai. Tana goge kantar da ta riga ta goge.

"A'a, matar kwalta ce da kanta! Me za a kawo miki, burodin banitsa ko tsakuwa?"

"Inna Stoyanka, ke kika ce kada a karɓi zaren 'yata?"

"Ta je ta ɗaura wa katafilar ubanta."

"Shekararta huɗu fa."

"Ni kuma shekarata talatin da ɗaya a bayan kantar nan. Dubi kujerun. Dube su da kyau! Da can sai na yi faranti ɗari uku kafin rana ta take. Jiya bakwai na sayar, biyu ma 'yan kwana-kwana ne suka saya don tausayi. Mijinki yana can yana haƙa mana kabari, ke kuma kina so mu yi ado da zarenki?"

"Ba Kamen ne ya zana hanyar ba. Ɗanki Plamen da ya zo daga Jamus lokacin Kirsimeti, ta ina ya sauka? Na gan shi a motar haya, daga babban birni. Shi ba ki hana shi miya ba."

Ta yi jifa da tsumma a kan kanta. "Ki kiyaye bakinki, 'yar nan. Na san uwarki tun tana zuwa makaranta ba takalmi."

"To kin san ba ta haifi mai tsoro ba."

"Cire ta daga gidan rainon, shi ne sauƙinku. Masu hanya su gina mata nata."

Babu wani gidan raino a garinmu sai shi. In na cire ta, ni ma aikin na bari ke nan, kuma abin da suke jira ke nan. Na duba agogo. Jirgin Italiya na ƙarfe uku ne, lokacin buɗe tebur ya yi.

Ba a shiga da yara bayan tebur. Duk da haka na ɗora ta a kan kujera kusa da sikeli, na zazzage zarurrukan a cinyarta. "Duk wanda ya ɗora akwati, ki ba shi ɗaya," na ce. "Ki yi masa fatan lafiya, kamar yadda muka koya."

Fasinjoji ashirin da shida ne a jirgi mai kujera ɗari da tamanin. Akasari mata masu komawa aikin rainon tsofaffi a can, hannuwansu dam da zaren da dangi suka ɗaura musu da safe. Ta farko, wata mai jar hula, ta kama hannun Boyana ta jujjuya.

"Kai! Ɗaya tak, a ranar Maris? Ke ba ki da mutane ne?"

Boyana ta miƙa mata zare ɗaya. "Ki yi lafiya, ki yi ja ki yi fari, Gwaggo."

A al'adarmu ba a karɓar zare ba tare da an rama ba. Matar ta kwance biyu daga nata ta ɗaura mata. Na bayanta ya yi haka, na bayansa ma. Wani tsoho ya ce akwatinsa ya wuce kilo saboda cuku, a cire masa nauyin zare. Ban cire ba, ya biya yana ƙunƙuni. Manaja Zhelev ya fito daga ofis, ya buɗe baki, ya ga layin, ya koma. Na san takardar gargaɗi na tafe.

Goma sha uku suka tafi. Saura mai dutse shuɗi, ta ƙi ba kowa. Daidai nan Stoyanka ta ratso zauren da tiren kofi za ta kai wa ma'aikatan jirgi. Kafin in tare ta, Boyana ta sauka ta sha gabanta.

"Kaka, wannan na Mitko ne."

Stoyanka ta tsaya ƙiƙam, tana kallon bango.

"Haba, baiwar Allah," in ji mai jar hula, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Yarinya ce ke miƙa miki. Ko a garin nan kun daina?"

Duk layin ya juyo. Stoyanka ta dire tiren a kan sikelina har kofi ya zube. Ta fizge zaren ta cusa a aljihu, ta kwance ɗaya daga hannunta ta ɗaura wa Boyana, ta ja ƙullin fiye da kima. Sannan ta matso kusa da kunnena.

"Kada ki ɗauka an shirya."

"Ba shiri nake nema ba, Inna. Kujerarta ta koma tebur gobe. In ba haka ba, ranar Juma'a akwai wani jirgin, zan sake kawo ta, kuma wannan karon zan faɗi sunaye."

Ta ɗauki tirenta ta wuce. Na durƙusa na sassauta ƙullin, ya riga ya bar shaida a fatar yarinyar.

Washegari na kai ta da kaina har ciki. Kujerar tana can ƙarshen babban tebur. Mitko na sanye da dutse shuɗi, ya ɓoye shi a ƙarƙashin hannun riga. Iyaye mata uku ne a bakin ƙofa, ba wadda ta amsa gaisuwata. Na tsaya har na ga an zuba wa Boyana madara daidai da ta kowa, sannan na tafi buɗe tebur.