Mariƙin Injin Gyaɗa

Shekara biyu da yanke Jihar Kebbi, Lukman Ladan ya dawo Jega da takardar injiniya da wani ilimi da ba wanda ya gane kansa. In an tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Ina duba ko inji ya dace da jikin mai aiki da shi." Mahautan kasuwa suka ce to, Allah shi taimaka.

Wata hukumar raya karkara ta ɗauke shi, ya ƙera injin markaɗen gyaɗa na hannu domin mata masu ƙuli-ƙuli. Ba abin da bai auna ba, tun daga tsawon mace a tsaye har faɗin tafin hannunta. Na farko da ya fito, mahaifiyarsa Inna Kyauta ya kai wa. Ta shafa injin, ta sa albarka, ta lulluɓe shi da tsohon zane wai kada ya yi tsatsa.

A Jega ya tara mata, ya gwada musu, ya bi su da tambayoyi. Yana da nauyi? A'a. Yana da kyau? Ƙwarai kuwa. Haka a Aliero. Ya cika takardu da "ƙwarai kuwa", bawan Allah, har yana murmushi a mota. Bayan wata uku ya koma Aliero ya tarar an ɗaure akuya a ƙafar injin.

Shugaban ofis bai ja magana ba. "Saura Maiyama. In can ma sun ƙi, an rufe aikin, kai ma ka nemi wani wuri."

Lukman ya tsorata sosai. A Maiyama ya bar takardun tambaya cikin mota, ya kafa injin gaban mata, ya shimfiɗa tabarma gindin durumi, ya kama bakinsa. Da matan suka gaji da gaishe shi, sai suka manta da shi.

Wata tsohuwa mai suna Zulai ta matso da ƙwaryar soyayyar gyaɗa. Ta tsaya gaban injin tana dubansa. Mariƙin juyawa yana dama, mazubin gyaɗa yana hagu, ta baya kuma Lukman ya sa ƙarfen kariya, ba wurin tsayawa. Sai ta gitta hannuwa, hagu ya kama mariƙi, dama ya haye samansa yana zuba gyaɗa. Ta yi juyi goma da ƙyar, ta tsaya tana murza kafaɗa.

"Inna," in ji Lukman, "ai da kin juya da dama, kin zuba da hagu."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, abinci na fa. Wa za ya sayi ƙulin da anka zuba da hagun? Kai ka ci?"

Ba zai ci ba. Shi da ko ruwa bai taɓa miƙa wa mutum da hagu ba! Ya auna komai a jikin mace, ya manta abin da aka hore shi a kai tun yana rarrafe.

Kafin la'asar ya sa wani mai walda ya mayar da mariƙin zuwa hagu, mazubin ya koma dama. Mata suka yi layi har suna faɗa. Aikin ya tsira.

Bai wuce zuwa Birnin Kebbi kai rahoto ba, ya tsaya Jega. Ya shiga ɗakin Inna, ya yaye zanen nan da ta lulluɓe injin da shi. Injin na nan fes, ko ɓawon gyaɗa babu a cikinsa.

"Inna, kin san da maganar hagun nan?"

Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ci gaba da tsinke zogalenta.

"Tun randa ka kawo shi."

"Shekara guda, Inna! Me ya hana ki gaya mini?"

"Ka tambaye ni ko shina da kyau," in ji ta. "Kuma na ga kana murna."