Kilo Saba'in da Biyu

A Didawure, unguwar malamai da 'yan kasuwa ta Sokode, in kana son sanin tarbiyyar mutum ka dube shi gaban surukinsa. Wahabu kuwa a wannan fanni ba a kama ƙafarsa. Shekara shida yana auren Barakatu, 'yar Alfa Jibrilu, bai taɓa haɗa ido da tsohon ba, bai taɓa cin abinci inda zai gan shi ba, kuma in ya hango rawaninsa daga nesa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefen hanya har ya wuce. Tsofaffi mata kan yi wa 'ya'yansu misali da shi, samari kuma su ji haushinsa a ɓoye.

Ɗan mahauta ne, amma bai gaji wuƙa ba. Faransawa sun sa shi lakwal, makarantarsu ta boko, tun yana yaro, kuma da ciwon barci ya yi ƙamari a arewacin Togo, 'yan shekaru kafin babban yaƙin Turawa na biyu, sai aka zaɓe shi cikin mutum takwas da za a koya wa aikin a Sokode. Likitan da ya koyar da su Bafaranshe ne siriri mai saurin fushi, wanda in ka ce masa "ina tsammani" sai ya nuna maka ƙofa. Ran farko ya ɗiga ruwa a kan rubutun jarida, harafin da ke ƙarƙashin ɗigon ya kumbura. Ya ce duk abu mai ƙusumbi da haske ke ratsawa haka yake yi, yana lanƙwasa hasken ya girmama abin da ke bayansa, kuma madubin likita ba komai ba ne illa irin waɗannan gilasai da aka jera. Da Wahabu ya sa ido a madubin ya ga wata halitta mai jela tana wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jinin mutum, sai ya ja da baya yana salati. Abokansa suka yi masa dariya, kafin layi ya zo kansu.

Suka koyi cewa tsando ne ke ɗaukar halittar daga jinin wani ya kai wa wani a bakin kogi, ta fara zama a kaluluwar wuya, daga nan ta haura kai, mutum ya dinga barci har ya zarce. Maganin wata farar hoda ce da ake narkawa a tafasasshen ruwa a yi allura, kuma likitan bai ɓoye musu ba cewa dafin da ke cikinta ɗan'uwan na kashe ɓera ne. Kowane kilo na jikin mutum da gwargwadon abin da zai ɗauka. In ka rage, cutar ta rayu. In ka ƙara, jijiyar ido ta mutu, kuma ita in ta mutu ba ta farfaɗowa. Saboda haka doka biyu ce ba ta da sassauci: mara lafiya ya tuɓe ya hau sikeli kafin allurar farko, sannan kafin kowace allura a tambaye shi yadda yake gani.

Aka tura Wahabu Dapango, can ƙuryar arewa, ya tafi da Barakatu. Wurin aikin 'yan bukkoki ne da rumfa ɗaya, a ƙarƙashinta sikelin ƙarfe da teburin madubi. Likita kan zo rangadi sau ɗaya a wata biyu. Shekara biyu Wahabu ya yi yana auna Mobawa da Gurmawa da Fulani, sarki da talaka, ba wanda ya taɓa tsallake masa sikeli. Akwai wani mai gari da ya zo da makaɗansa, shi ma sai da ya tsaya a kai daga shi sai bante.

Alfa Jibrilu malami ne, amma da fataucin shanu yake ci da gidansa, kamar yawancin malaman Didawure. Duk bayan damina yakan hau arewa har Manduri ya sayo garke. A wannan shekara, wata Laraba da hantsi, sai ga Bukari, Bamoben da ke kora masa shanu, ya jawo doki zuwa ƙofar gidan Wahabu, Alfa a kai yana gyangyaɗi.

"Barakatu yana ciki?" in ji Bukari da Hausarsa ta Bamobe. "Ka ce shi fito. Alfa ba lafiya. Ana ciniki shi yi barci, yana cin tuwo shi yi barci, loma a hannu. Wata biyu ke nan."

Allah ya taimaki Wahabu, ta bayan mara lafiya ake tsayawa a taɓa wuyansa, don haka bai sha wahalar kauce wa fuskar surukinsa ba. Ya zura yatsu ƙarƙashin rawani ya ji kaluluwa a jere. Ya tsotso ruwanta da allura ya sa a madubi, ya ga abin da ya san zai gani. Amma kuma ya ji sanyi, don yana ganin an kawo shi da sauran lokaci.

Saura sikeli. Shi da kansa ba zai iya buɗe baki ya ce wa mahaifin matarsa ya tuɓe ba, sai ya aiki Bukari. Alfa yana zaune kan buzu a inuwar bukka, ya saurara, ya dubi rumfar inda mutane ke layi tsirara sai ɗan abin rufe gaba. Ya yi magana da ƙarfi yadda Wahabu zai ji daga inda ya laɓe.

"Ka gaya wa mijin Barakatu, ni ba buhun gishiri ba ne. Shekara sittin ba wanda ya ga kafaɗata sai uwata da matana. In allurar nan tasu, pikir, zai yi ya yi, in ba zai yi ba Allah na nan."

Da wani ne ya faɗi haka, da Wahabu ya rufe littafinsa ya ce to a sauka lafiya, kuma kafin azahar mutumin zai dawo ya hau. Amma wannan Alfa ne. Wahabu ya saci kallonsa ta gefen ido. Riga uku ce a jikinsa, wata kan wata, ga rawani, ga alkyabba. Kuma mutumin da Wahabu ya gani a zuciyarsa shi ne Alfan da ya sani tun yana yaro, ƙaton da ya taɓa riƙe bijimi ta ƙaho a kasuwar Sokode har aka ɗaure shi. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta kilo saba'in da biyu. Abin takaici, uban Wahabu bai taɓa sayen rago da ido ba, sai ya sa hannu ya lalubi gadon bayansa, kuma Wahabu ya san haka sarai.

Aka fara allura, mako-mako. Alfa kan miƙo hannu daga cikin riga yana kallon wani gefe, Wahabu ya durƙusa yana kallon jijiya. Ya ga sirantar hannun tun ranar farko, abin ya sosa masa rai. Sai ya ce wa kansa ai hannun tsoho haka yake. Gyara lissafi na nufin komawa maganar sikeli, shi kuwa ya fi son a ce ya ɗauki dutse ya kai garin Mango.

Bayan allura ta uku Alfa ya farka. Ya ci tuwo ya nemi ƙari, ya buɗe littattafansa, ya fara yi wa Bukari faɗa kan shanu. Barakatu ta yi kukan murna. Tambayar ido kuwa, wadda Wahabu kan yi wa kowa gatse-gatse, ko kana ganin walƙiya, ko gefen ganinka ya fara duhu, a gaban Alfa sai ta narke ta koma gaisuwa.

"Baba, ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

Ya roƙi Barakatu ta tambaya masa, ita kuma ta tambaya irin ta 'ya da uba, aka ba ta amsar da aka ba shi. Ashe tun allura ta huɗu Alfa ke ganin wani abu kamar tartsatsi, kuma duniya ta fara tsukewa daga gefe. Bai faɗa ba. A ganinsa mutumin da aka ciro daga bakin kabari ba ya ƙorafin ido, balle ga mijin 'yarsa.

A mako na bakwai, da safe rana ta fito sarai, Alfa ya taso zai zaga bayan gida ya yi karo da turmin da ke tsakar gida, turmin da ko akuya ta san da shi. Ya faɗi. Wahabu bai san lokacin da ya isa ya sungume shi ba. Yana ɗaga shi ya gane. Hannuwansa sun taimaki ɗaruruwan mutane hawa sikeli, sun san abin da ake kira kilo saba'in, kuma abin da ke hannunsa bai kai ba, bai ma yi kusa ba. Ƙasusuwa ne a cikin riguna.

"Sauke ni," in ji Alfa.

Bai sauke shi ba. Ya fita da shi daga gida, ya ratsa layin marasa lafiya, ya hau sikeli da shi a rungume. Ya san nasa nauyin, sittin da ɗaya. Sikeli ya tsaya a ɗari da goma. Arba'in da tara ke nan, har da riguna da rawani. Wato kowace allura cikin shidan da ya yi masa, ya ba shi kasonsa ya kuma ƙara masa kusan rabi. Kuma dabarar nan da ya yi yanzu, wadda ba ta buƙaci a cire ko hula ba, tana nan tun ranar farko.

Ya tsayar da allura a ranar. Amma aikin gama ya gama. Ganin Alfa ya ci gaba da tsukewa har ya zama kamar mai leƙe ta kafar kara, kuma kafin kwana goma sha biyu kafar ma ta rufe. Da likita ya zo rangadi, Wahabu ya buɗe masa littafi ya gaya masa gaskiya. Bature mai saurin fushi bai ɗaga murya ba. Ya duba jinin Alfa ya ce cutar ta mutu, ya haska idonsa da madubi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Wahabu ya kai tsohon gida ya dawo, maganarsu tana nan.

Kwana uku suka yi a kamiyo, babbar motar kaya, kafin Sokode. Didawure ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta, don ba a saba ganin wanda ciwon barci ya kama ya dawo da ƙafarsa ba. Aka dinga sa wa Wahabu albarka. Ido kuwa, in ji jama'a, na Allah ne, ya ba da ya karɓa. Kowace albarka aka sa masa sai ya ji kamar an zuba masa garwashi a riga. Ya ji kunya da baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba, abinci ma ya daina shiga.

Ana gobe zai koma Dapango, bayan la'asar da masu gaisuwa suka watse, ya shiga zaure ya durƙusa. Alfa na zaune da littafi a cinya, a rufe, yana shafa bangonsa.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba."

"Mijin Barakatu. An gama shiri?"

"Baba, ba ciwon ne ya ɗauke maka ido ba. Maganin ne ya yi yawa. Ana auna shi da nauyin mutum, ni kuwa ban auna ka ba, na rubuta da ka. Na san doka, na san abin da zai iya faruwa. Kunya ce ta hana ni."

Alfa ya daina shafa bangon littafin.

"Ni na ƙi hawa," ya ce.

"Ka ƙi ne ba ka san abin da ke ciki ba. Ni na sani, ban gaya maka ba."

"Zai dawo?"

"Ba zai dawo ba, Baba."

Tsohon ya ajiye littafin a gefe, a hankali, yana laluben wurin da hannu. Ya juyo da fuskarsa inda muryar take fitowa, Wahabu kuma bai sunkuyar da kai ba.

"Da ka tsaya a gabana ka ce Alfa hau ko ka makance, da na ce ba ka da kunya. Da na kira ubanka na gaya masa. Da na yi shekara guda ba na amsa gaisuwarka." Ya numfasa. "Shekara guda, Wahabu. Amma da ina kallonka da idona."

Wahabu ya kifa goshinsa a kan tabarma ya yi kuka, Alfa bai hana shi ba. Can tsohon ya miƙa hannu cikin iska.

"Tashi ka miƙo mini buta. Ban san inda suka ajiye ta ba."