Yankan Ragon Suna

Da hantsi ne, wajen ƙarfe tara, ruwan asuba ya ɗauke ya bar gumi, iskar tabki ko motsi ba ta yi. Kalebu na tsaye a tsakar gida da wuƙa a hannu, yana kallon ragon da ya saya don sunan ɗiyarsa gobe. Ragon ya tsinke igiya tun da safe, ya afka wa geron da aka jiƙa don kunu. Ga shi kwance, ciki ya kumbura kamar salka, numfashi sama-sama.

Ya iya yanka, ba tun yau ba. Amma ya san unguwarsu, ba a cin yankan Kirista. Ran bikin ƙanwarsa Bangaskiya babansu ne ya yanka da hannunsa, aka rarraba tuwo gida-gida, da la'asar kwanoni suka dawo a rufe yadda suka tafi. Tsohuwarsu ta zauna ta tasa su gaba har magariba.

Daga ɗaki matarsa Miriyamu ta ɗaga labule, jaririya a kafaɗa, babbar ɗiyarsu Esta na riƙe da zaninta.

"Baban Esta, ka tsaya kallo har ya zama mushe? Ka kira Haruna mana."

Satin jiya suka yi musu da Haruna a garka, har Kalebu ya rantse ba zai sake roƙon kowa ya riƙe masa wuƙa a gidansa ba. Ragon ya yi wani nishi. Kalebu ya ja ƙafa ya zagaya darni.

Haruna maƙwabcinsa ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Yana gindin darbejiya yana ɗinkin komar kamun kifi.

"A'a, ɗan mishan! Yau kai ne a ƙofata? Ina rantsuwar?"

"Rago zai mutu. Taso."

Haruna ya ajiye komar, ya karɓi wuƙar, ya gwada bakinta a farce, ya yi tsaki. Suna shiga gidan ya tsuguna gaban dutse ya fara wasa ta.

"Ni fa har yanzu ban ga abin da kuka rasa ba," in ji shi. "Makarantar lakwal taku, likita naku. Ɗiyanku na zuba Faransanci, namu na bin jaki."

"Ni ɗin da muke jan guga tare? Wace lakwal ka gani a jikina?"

"Ƙanenka fa da ke Maraɗi cikin ofis?"

"Shi ɗaya. Sau uku ana hana shi ɗakin haya don sunansa Manasse. Da Baba ya rasu, a amalanke muka kai shi wani gari, nan ba mu da wurin rufe shi. Kai ka tura amalanken, ko ka manta?"

Haruna bai daina wasa wuƙar ba. "Ai malamai sun ce yankanku ya halatta. Ni da kunnena na ji."

"To ka gaya wa Hajara. In na yanka, za ta ci?"

Haruna ya yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba. Hajara matarsa ce, kuma ita ce ta fara maido kwano a wancan bikin.

"Haruna, don Allah," Kalebu ya ce a hankali. "Na gaji da wannan magana. Dubi idon ragon."

Suka juya ragon ya kalli gabas. Kalebu ya danne ƙafafu a cikin taɓo, ya kau da kai. Haruna ya yi bisimilla ya ja wuƙar. Jini ya yi jinkiri, Kalebu ya juyo ya zuba wa ragon ido, don in dabba ba ta motsa ba cewa za a yi ta riga ta mutu. Can sai ragon ya shura, ya sake shurawa, har ya ɓata wa Kalebu wando.

Haruna ya miƙe, ya wanke wuƙar a buta ya ɗora kan turmi. Sai ya matsa jikin darni ya ɗaga murya yadda gida uku za su ji.

"Hajara! Ragon sunan gidan Kalebu ni na yanka shi, da ransa, ya yi shure-shure. Ki gaya wa matan unguwa su zo aikin tuwo gobe."

Can ciki aka amsa, "To."

Kalebu bai ɗago ba, ya riga ya fara fiɗa kafin naman ya lalace. Haruna ya goge hannu a gefen rigarsa, ya koma ga komarsa.