Fuskar Baba a Bokiti

Kafinta bai taɓa ganin fuskar mahaifinsa ba. Yana goye uban ya rasu, 'yan hotunan da ke gidan kuma gobara ta lashe su tun bai yi wayo ba. Abin da ya sani duk daga bakin Goggo ya ji shi, ƙanwar uban da ta raine shi: dogo ne, yana da wushirya, in ya yi dariya har kunnensa motsi yake. Labari mai daɗi, sai dai ba ya ratayuwa a bango.

Goggon ce ta tuna masa wata rana, tana murza idonta da farar yana ta fara rufewa. "Ai babanka ya yi aiki a hukumar ruwa. Da za su ɗauke shi sun ce ya kai hoto, ni na raka shi wajen mai hoton. Je ka karɓo tun ina gani, in ce maka shi ne."

Ya je. Matar da ke bayan taga ta duba, ta ce fayil ɗin yana nan lafiya lau a ɗakin ajiya. Sai dai fayil ɗin mamaci rufaffe ne, ba a buɗe shi sai darakta ya sa hannu. Ya rubuta takardar neman izini ya miƙa.

Darakta kuwa yau yana taro, gobe ya tafi hutu. Da ya dawo aka yi masa canjin wurin aiki, sabon kuma ya ce ba a gama miƙa masa ofis ba tukuna. Kafinta ya zauna a bencin bakin ƙofar nan har ya san ƙafar bencin da ke rawa. Ranar da abin ya ishe shi ya zo da guduma da ƙusa ya gyara musu shi, don ko ba komai shi ne mai zama a kai. Masinja ya yi ta dariya, yana cewa, "Maigida, saura ka kawo katifa."

A gida kuwa Goggo ta daina gane shi daga nesa, sai ya yi magana.

Da ya samu sa hannun darakta, da gudu-gudu ya sauka ɗakin ajiyar. Ya tarar da kantoci wayam, sai shatin ƙura inda kwalaye suka zauna.

"Kai, ka makara kaɗan," in ji mai kula da ɗakin. "Kowane fayil da wa'adinsa. Na ma'aikacin da ya rasu, akwai shekarun da doka ta yanka masa. Suna cika kwamiti ya zauna, a yayyanka. Na su babanka makon jiya aka gama da su."

"Takardata fa? Ai a lokacin tana sama ana jiran sa hannu!"

"Wannan sashe daban ne, Malam. Mu ba a ce mu dakata ba."

Wato a duk ayyukan hukumar nan, wannan ne kaɗai ba ya latti. Zuciyar kafinta ta tafasa, ya rasa wanda zai shaƙe. Kowa ya yi aikinsa daidai, abin takaicin ke nan.

Mutumin ya ɗan tausaya masa. Ya ce allurar maƙala takarda tana karya haƙoran injin da ke yayyanka fayil ɗin, don haka kafin a zuba fayil sai an ɓalle hoton da allurarsa a jefa gefe. Ya nuna masa wasu bokitai a bayan ƙofa, cike fal da ƙananan hotuna. Maza ne birjik, kowa ya tsuke baki yana kallon gaba, ba mai dariya balle a ga wushirya. Kafinta ya ɗebo, ya juya bayansu ɗaya bayan ɗaya. Fari fat. Sunan yana jikin fayil, fayil kuma ya zama zare-zare.

"Ka duba wanda ya yi kama da kai mana," in ji mutumin.

Kafinta ya sunkuya kan bokitan. Ya juye su duka a buhu, ya saɓa a kafaɗa, ba wanda ya nemi sa hannun kowa.

Goggo tana zaune a bakin gado ya zazzage buhun a gabanta. Ta ɗauki ɗaya ta kai dab da hancinta, ta karkata wajen taga, ta ajiye. Ta ɗauki wani. Daga baya ta daina ɗagawa, sai shafa su take da yatsa.

"Goggo, yana ciki. Wallahi yana ciki."

"Na sani, ɗan nan," ta ce, hannunta yana yawo a kan tulin. "Duk santsinsu ɗaya."