Sai Mai Girma Ya Zo

Matar mai sito ta tsaya a bakin ƙofar siton ofishin lafiya, hannu ɗaya dafe da ƙugu, cikinta na wata bakwai ya turo gaba. A bayan mijinta, dilolin gidan sauro ne jibge har rufi.

"Maigida, guda ɗaya tak. Ni fa ban ce ka ɗauko mini dila ba."

"Ki rufa mini asiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Oga ya ce ko zare kada a taɓa, sai Mai Girma ya zo ya ƙaddamar da rabo."

Ta kai wa sauro mari a damtsenta, ta yi 'yar dariya. "To, Allah ya sa sauron ma an gaya masa."

Da idonsa ya ga takardar gargaɗin da ta iso ofishin lafiya tun sati uku baya. Masana yanayi sun ce ruwan bana ya wuce lokacinsa, zafi ya ƙi sauka, kududdufai sun ƙi bushewa, nan da wata guda zazzaɓi zai ɓarke har a unguwannin da ba su saba da shi ba. Aka karanta, aka buga hatimi, aka jefa a durowa. Sau biyu ana sa ranar rabo ana ɗagawa, Mai Girma ya yi tafiya.

*

Zazzaɓin bai jira kowa ba. Ranar da mai sito ya kai matarsa asibiti babu gado ko ɗaya, a kan benci aka ɗaura mata ruwa, jikinta kamar garwashi.

"Malam," in ji nas, cikin gajiya, "mace da tsohon ciki, ba ku da gidan sauro ne?"

Ya shafa makullin sito a aljihunsa. 

Cikin ya zube ranar Talata. Ranar Alhamis ita ma ta cika.

*

Kwana tara bayan haka aka kafa rumfuna a harabar ofis. Mai Girma ya yaba wa ma'aikata bisa saurin ɗaukar mataki, aka yi tafi. Da aka zo rabo, Oga ya yafito mai sito.

"Zo ka fara karɓa, kai da aka yi wa rasuwa."

Aka ɗora masa sabon gidan sauro a hannu, yana cikin ledarsa, mai cin mutum biyu. Mai hoto ya durƙusa a gabansa, ya daidaita kyamara.

"Malam, ɗan ɗaga shi sama. Yawwa. To, ɗan murmusa mana."